Karin Kumallon Yara Daga Rumbun Gida

An shirya wannan ɗan littafi ne domin magidanta da matan aure na ƙasar Birnin Gwari, da malaman makarantu, da masu unguwanni waɗanda jama'a su kan taru a ƙofar gidajensu. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba. Maganar da ke ciki ta abincin da a ke ba yaro da safe ce, da yadda za a kyautata shi da abin da ke cikin rumbu, ba sai an je kanti ba.

Abin Da Yara Ke Karyawa Da Shi

A yawancin gidajenmu yaro ya kan karya kumallo da koko, ko ɗumamen tuwo, ko kuwa shayi da burodi in gidan na cikin gari ne. Ɗumame ba abin rainawa ba ne, musamman in miyar tana da daddawa da kuka da ɗan mai. Aibinsa kawai shi ne ba kullum tuwo ke kwana ba, kuma ƙaramin yaro ba ya iya cin mai yawa. Shayi da burodi shi ne mutane su ke ɗauka abincin masu hali, alhali shi ne na baya. Ruwa ne da sukari da farin fulawa, ga shi kuma ganyen shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, wanda da shi ne jiki ke yin jini.

Koko ne ya fi yawa, don haka a kansa za mu tsaya. In aka jiƙa gero ko masara aka niƙa aka tace, an zubar da dusa, an kuma zubar da ruwan jiƙo, abin da ya kwanta a ƙasan roba gasara ce, galibinta sitaci. Sa'an nan uwa ta dama ta da ruwa-ruwa domin ta wuce maƙogwaron yaro da sauƙi. To, cikin yaro ɗan shekara ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin kofi guda a lokaci ɗaya. In aka cika masa shi da tsinkakken koko, an cika shi da ruwa ke nan. Ya yi shiru, uwa ta ce ya ƙoshi, amma kafin hantsi ya daga sai a ji ya soma ƙorafi. Ɗan makaranta kuwa sai ya yi ta hamma a aji, malam ya ce ba ya da ƙwazo.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna cewa daga ko wane yara 100 waɗanda ba su kai shekara biyar ba, 37 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihohin Arewa maso Yamma, inda mu ke, lissafin ya kai 57 cikin 100. Tsumburewa kuwa ba a jiki kaɗai ta ke tsayawa ba, tana taɓa kaifin fahimta, kuma abin da ya kuɓuce wa yaro kafin ya cika shekara biyu yana da wuyar ramawa daga baya.

An daɗe da sanin tushen abin. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Gwalkwas, watau ƙasar Gana ta yanzu, ta rubuta bayanin wata cuta da ta ga tana kama yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. Ƙafafunsu su kumbura, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa. Mutanen Ga na wajen suna kiranta kwashiyoko, ma'anarta ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane, kuma da wannan suna likitocin duniya su ka san ta har yau. Mu a nan mu kan haɗa ta da sauran irinta mu ce tamowa.

Dabarar Turawa Da Tamu

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani abincin safe da a ke kira garanola. Wani likita a jihar New York, James Caleb Jackson, shi ya fara yin irinsa a 1863 domin marasa lafiyar da ya ke jiyya. Yadda a ke yinsa yanzu shi ne a sami wani hatsi na ƙasashen sanyi mai suna ot, a haɗa shi da 'ya'yan itace masu mai, irin su gyaɗa, a zuba zuma, a gasa har ya yi ƙaras-ƙaras, sa'an nan a ajiye a kwalba a riƙa ɗiba ana ci da madara. A manyan kantunan Kaduna da Abuja ana sayar da shi cikin kwali da tsada, wani ma sukarin da ke cikinsa ya fi kima.

Ba mu da bukatar kwalin. Duk hikimar abin ita ce a haɗa hatsi da abin da ke da mai da abin gina jiki, a soya su bushe yadda za su daɗe ba su lalace ba. Wannan kuwa kakanninmu sun san shi. Dakuwa ke nan, da kantun riɗi, da soyayyen garin da fatake ke ƙullawa cikin guzuri in za su yi doguwar tafiya. Abin da ya rage mana shi ne mu daina ɗaukarsu kayan kwaɗayi na talla, mu daidaita awonsu, mu mai da su abincin safe na ko wace rana. A asibitoci za ka ji malaman jinya suna kiran irin wannan gari Tom Brown. Shi ne dai.

Dalilin haɗawar ga shi. Abin gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin, yana cikin gero da dawa da masara, amma kaɗan ne, kimanin kashi 9 zuwa 11 cikin 100, kuma akwai wani sashe nasa da hatsi ya gaza a kai. Gyaɗa tana da kimanin kashi 25, waken suya kuwa ya haura 35, kuma shi waken yana da yalwar daidai sashen da hatsi ya rasa. In aka ci su tare sai wannan ya cike giɓin wancan. Sa'an nan kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, haka ma riɗi, mai kuwa ya ninka sitaci fiye da sau biyu wajen ba da ƙarfi. Sabo da haka kofi guda na wannan kunu ya fi kofi biyu na tsinkakken koko nesa ba kusa ba.

Zaɓen Kaya

Awon da ma'aikatan lafiya su ka daɗe suna amfani da shi a Arewa shi ne hatsi shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya. Ko da mudu aka auna, ko da gwangwani, duk ɗaya ne, muddin abin awon bai sake ba. Hatsin ana iya yinsa gero zalla, ko a raba shi da dawa da masara. Gero da maiwa sun fi masara sinadarin ƙarfe, don haka in akwai su a fifita su. Kada a yi surfe mai tsanani, gama alheri mai yawa yana cikin dusar. A wanke, a rege tsakuwa, ya isa.

A nan sai uwargida ta zauna da faifai ta natsu, domin tsintar gyaɗa da masara ita ce aikin da ya fi ko wanne muhimmanci cikin wannan sha'ani. Akwai wata fumfuna da ke kama su tun a gona in fari ya matsa, ko a rumbu in an adana su da danshi. Tana barin wata guba mai suna afalatoksin, wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. An gano ta ne a Ingila cikin 1960, sa'ad da talo-talo wajen 100,000 su ka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. A jikin mutum tana lalata hanta, tana kawo ciwon dajin hanta in an daɗe ana ci, kuma bincike ya nuna tana da hannu cikin tsumburewar yara. Suya ba ta kashe ta, tafasawa ma haka. Maganinta shi ne kada ta shiga tun farko.

Sabo da haka duk ƙwayar gyaɗar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta yi kore-kore, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi ɗaci a baki, a fid da ita. Akwai wata al'ada da ya kamata a bari, ta a ware mai kyau a kai kasuwa a bar tsintuwar domin ƙuli-ƙuli da kunun gida. Wanda ya yi haka ya sayar wa baƙo lafiya ya ajiye wa ɗansa cuta. Rubabbiyar kuma kada a watsa wa kaji ko a ba saniyar tatsa, don gubar ta kan biyo nono. A binne ta ko a ƙone. Manomi kuwa ya shanya amfaninsa a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa tsirara ba, ya tabbata ya bushe sarai kafin ya ɗure a buhu, buhunan kuma a ɗora su kan katako nesa da bango.

Yadda A Ke Soyawa

Ko wane iri a soya shi dabam, gama ba lokaci ɗaya su ke nuna ba. Hatsi a wanke a shanya ya bushe, a zuba a kasko bisa wuta marar ƙarfi, a yi ta juyawa da muciya ba tsayawa har ya soma ƙamshi, launinsa ya juya kaɗan. In ya yi baƙi an ɓata shi, kunun zai yi ɗaci yaro ya ƙi sha. Gyaɗa kowa ya san suyarta. A murje ɓawon a bakace.

Waken suya shi ne mai neman haƙuri. Ɗanyensa yana da wani abu da ke hana ciki narkar da abin gina jikin da ke cikinsa, shi ya sa wanda bai nuna ba ke kawo kumburin ciki da gudawa, wuta ce kaɗai ke karya shi. A tsince shi, a zuba cikin tafasasshen ruwa ya yi kamar minti 20 zuwa 30 yana dahuwa, a tsame, a murje cikin ruwan sanyi ɓawon ya taso a zubar. Sa'an nan a shanya shi ya bushe ƙamas, a soya har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, warin ɗanyen wake ya fita. Uwargida ta tauna ƙwaya ɗaya. In ta fashe a baki kamar soyayyar gyaɗa, ya yi. Matan da su ka ce yaransu sun ƙi kunun waken suya, galibi a nan ne aka yi gaggawa.

In duk sun huce sai a haɗa, a jefa 'yar busasshiyar citta da ƙwayar kanumfari kaɗan don ƙamshi, ban da barkono, a kai niƙa. A tankaɗe da lallausar rariya, a baza a tire ya sha iska zafin inji ya fita kafin a rufe.

Turmi Da Injin Niƙa

Akwai gargaɗi guda wanda ya shafi ƙasarmu fiye da wasu wurare. Ana haƙar zinariya a sassan Birnin Gwari, dutsen zinariya kuwa wani lokaci yana tare da dalma. A 2010 yara fiye da 400 su ka rasu a ƙauyukan Zamfara, don an riƙa daka dutsen da niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da hannuwan yara. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabtanmu na kusa. Dalma ba ta nuna kanta a gari, kuma ko kaɗan ce tana dushe ƙwaƙwalwar yaro. Don haka turmin da aka taɓa daka dutse a ciki, da injin da aka taɓa niƙa shi, da buhu ko tamfol ɗin da aka taɓa zuba shi, kada hatsi ya kusance su har abada, wanki ba ya fid da ita. Uwargida tana da ikon ta tambayi mai inji abin da ya ke niƙawa, kuma ba rashin kunya ba ne.

Kunun Ƙananan Yara

Jariri daga haihuwa zuwa wata shida nonon uwa kaɗai ya ke bukata, ko ruwa ba a ba shi. Daga wata shida ne a ke fara wannan kunu, nono kuma yana nan har shekara biyu in hali ya yi.

Ko da ya ke an soya garin, tilas a dafa shi. A kwaɓa cokali uku ko huɗu da ruwan sanyi mai tsabta, a juye cikin tafasasshen ruwa, a yi ta motsawa kamar minti biyar zuwa goma. Ma'aunin kaurinsa shi ne cokali. A ɗebo a karkata, in kunun ya tsiyaye kamar ruwa bai yi ba, in ya tsaya ya sauko a hankali to ya yi. A fara da cokali biyu ko uku sau biyu a yini, a riƙa ƙarawa. Ɗan wata tara ya kan sha rabin kofi, ɗan shekara ɗaya ya doshi kofi guda, kuma daga wata tara ɗin ya kamata ya ci abinci sau uku ko huɗu a yini, ba da safe kaɗai ba. A ba shi da cokali, yana zaune, cikin kwanonsa shi kaɗai domin a ga abin da ya ci. Ɗura, wadda a ke danne yaro a toshe masa hanci, ta kan sa kunu ya shiga huhu, a bar ta.

In yaro ya ƙi mai kauri akwai dabara, masu kunun zaƙi ma sun san ta. A jiƙa gero ko dawa kwana guda, a baza cikin jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta kwana biyu ko uku har ya tsiro, a shanya ya bushe, a murje saiwar, a niƙa. Wannan garin tsiro ba a soya shi. In an sauke kunu mai kauri ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali guda a motsa, nan da nan za a ga ya saki ya yi ruwa, ba tare da an ƙara ruwa ko ɗigo ba. Tsiron ne ya narkar da sitacin. Sai a mayar kan wuta ya sake tafasa. Ta haka yaro ya sha abu mai sauƙin haɗiya wanda ƙarfinsa na mai kauri ne.

Ranar da aka fara ba yaro kunu mai gyaɗa ko waken suya a sa masa ido. Akwai 'yan kaɗan da jikinsu ba ya karɓa. In leɓe ko fuska ta kumbura, ko ƙuraje su ka feso nan take, ko numfashi ya yi wuya, a kai shi asibiti ba jinkiri.

Ɓarzajje Na 'Yan Makaranta

Yaron da ya kai shekara biyar ya fi son abin da zai tauna, kuma wannan ne ya fi kama da na kwalin nan. Amma ɗanyen gero in an soya shi haka kawai ya kan yi tauri ya ci haƙori, sabo da haka sai an turara shi tukuna. A ɓarza gero ya zama tsaki, a wanke, a turara a madambaci kamar za a yi dambu har ya nuna. A juye a farfasa, a shanya a rana a rufe da ƙyalle mai shara-shara don ƙuda, ya bushe sarai. Sa'an nan a soya a kasko har ya yi ƙaras-ƙaras.

Ga gwangwani huɗu na wannan tsaki a sa biyu na soyayyar gyaɗa wadda aka daddaka ba ta yi laushi ba, da ɗaya na riɗin da aka wanke aka soya. Riɗi ba ya daɗewa a wuta, da ya soma tsalle a sauke. A narka mazarƙwaila ko zuma kamar rabin gwangwani da ɗan ruwa kaɗan da ɗan gishiri mai aidin, a zuba a kai, a yi ta juyawa bisa 'yar wuta har ya kama jikinsa ya bushe. A baza a tire, in ya huce a farfasa. Mai dabino ya yayyanka ya zuba bayan an sauke.

Da safe sai a ɗebi cikin tafin hannu biyu a zuba a kwano, a kwarara nono ko kindirmo, a bar shi minti kaɗan ya yi laushi. Ba hura wuta, ba jiran tukunya, abin da ke da amfani ƙwarai da damina sa'ad da itace ya jiƙe kuma kowa na sammakon gona. Nonon ya zama wanda aka dafa madararsa kafin ta yi tsami, gama ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka da wasu cututtuka daga saniya. In babu nono a ci da kunu. In yaro ya makara a ƙulla masa a leda mai tsabta ya tafi da shi.

Wannan ɓarzajje kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba, haka ma gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, don tana iya sarƙe shi ta toshe hanyar numfashi. Na tsakanin shekara biyu da biyar a kwaɓa masa lallausan garin nan da markaɗaɗɗiyar gyaɗa a dunƙula kamar dakuwa.

Maganar Zaƙi

Allah ya hore wa ƙasar nan itatuwa. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, doka ta hana sara da sa wuta a cikinsa, amma irin itatuwan da ke can suna nan tsaye a gonaki da bakin ƙauyuka. Garin ɗorawa, rawayan nan da yara ke lasa da bazara, zaƙi ne mai kyau a kunu. Garin 'ya'yan kuka kuwa yana da bitamin C mai yawa, shi kuma bitamin C yana taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin gero da wake. A zuba shi bayan an sauke kunu, don zafi na rage amfaninsa. Lemo ko gwaiba ko mangwaro in lokacinsu ne suna yin wannan aiki.

Zuma kuwa, duk da darajarta, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko a kunu ko a lasa masa a baki. Wani lokaci tana ɗauke da ƙwayar wata cuta wadda hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, tana kuwa shanye jiki har numfashi ya tsaya. Bayan shekara ɗaya babu laifi.

Sukari a taƙaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da a ke ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, zuma da mazarƙwaila kuma suna cikin lissafin. Soyayyen gari yana da nasa ɗanɗano. Yaron da aka fara masa ba sukari ba ya neman sa, sai wanda aka saba wa.

Ajiya

Sabo da man da ke cikinsa garin nan ba ya daɗewa kamar garin tuwo. A yi na mako biyu zuwa huɗu da rani, da damina kuwa na mako biyu ya isa. A zuba a kwalba ko roba busasshiya mai murfi mai kamawa, a ajiye a inuwa nesa da murhu, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. In ya dunƙule, ko ya soma warin tsohon mai, ko aka ga ƙwari, ya tashi daga abincin yara. Dafaffen kunu kuma kada a ajiye na safe a ba yaro da la'asar sai an sake tafasa shi. Maƙwabta biyu ko uku suna iya haɗa kayansu su soya rana ɗaya su kai niƙa tare su raba, itace da kuɗin inji su ragu.

Rabon Maigida

Duk abin da aka faɗa ba zai yiwu ba in maigida bai bar kayan a gida ba. Jama'ar ƙasar nan sun sha wuya shekaru da yawa, 'yan bindiga sun hana noma a wurare da dama, wasu ƙauyuka sun tashi. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Manomin da ya koma gonarsa bayan irin wannan asara, ga bashi ga bukatu, ba abin mamaki ba ne in ya so ya sayar da duk abin da ya girbe. Waken suya musamman mun ɗauke shi amfanin sayarwa. A loda shi a mota a kai masana'anta a haɗa abincin kaji da shi, kajin wasu su yi ƙiba, ɗan wanda ya noma shi yana shan gasara da ruwa.

To, bari mu yi lissafi. Gida mai yara huɗu, in ko wane yaro ya sha kunun gari giram 50 ko wace safiya, watau kamar cokali huɗu cike, giram 200 ke nan a rana, kilo 73 a shekara. Cikin wannan hatsi kimanin kilo 44 ne, wanda da ma ana cinsa a koko. Waken suya kimanin kilo 22, bai kai rubu'in buhu mai kilo 100 ba. Gyaɗa ɓararriya kimanin kilo 7. Wannan shi ne duk abin da a ke roƙon maigida ya ware da kaka, kafin ɗan kasuwa ya zo, ya damƙa wa uwargida ya ce na yara ne. In ya sayar da shi da kaka da araha, shi zai koma ya saye shi da tsada a watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma tamowa ta fi kama yara. Wanda bai noma waken ba yana iya musanya da mudun masara, ko ya sa farin wake a madadinsa, a dafa shi a soya kamar yadda aka faɗa, a ƙara gyaɗa don shi ba ya da mai.

Lokacin Da Kunu Bai Isa Ba

Wannan gari abinci ne na tsare lafiya da na yaron da ya ɗan rame. Ba maganin tamowa mai tsanani ba ne. A asibitocin shan magani akwai wani ɗan tef mai launi uku da a ke auna damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. In ya nuna kore, lafiya. In ya nuna rawaya, watau tsakanin santimita 11.5 da 12.5, yaro ya soma ramewa, a ƙara masa abinci a kuma bi shawarar malamin asibiti. In ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, wannan na asibiti ne a ranar.

Akwai gwajin da uwa za ta iya yi da kanta. Ta danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa ta ƙirga uku, sa'an nan ta ɗaga. In gurbin yatsan ya zauna bai taso ba, kumburin tamowa ne, ko da yaron yana kama da mai ƙiba. Haka kuma yaron da ya ƙi cin kome, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko ya yi laushi ba ya wasa. Irin waɗannan kada a tsaya ana soya gari ko ana jiƙa sassaƙe, a ɗauke su zuwa asibitin da ya fi kusa, a tafi da katin rigakafinsu.